Laifin da Aka Ɗora wa Toka

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, irin wadda ta kamaci ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya lau, kai da Amarya da ɗan jaririnku. Yaya aiki, yaya kuma ciwon bayan nan da ka ce tsayuwa gaban inji tana tayar maka? Allah ya yaye maka shi, ya sa kaffara ne, ya ƙara maka ƙarfin neman halal. Mu nan alhamdu lillahi, kowa lafiya. Maigidana Kafinta ya samu aikin kujerun makaranta, tsakar gida ta cika da katako, ɓarɓashin zarto har cikin kwanon miya. Gwiwar Baffa ta yi sauƙi, ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa, sai dai ya ƙi riƙe sandar da ka aiko masa, wai shi bai kai can ba tukuna. 'Yata Lukuta tana famfara, bakin nan duk wawulo, amma hakan bai rage mata ci ba. 'Yarka Allura kuwa ta zo ta ɗaya a lissafi, malaminsu ya ce bakinta ne kaɗai ya fi lissafinta kaifi.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya. To ai ka ga abin da waya ta yi mana ranar nan. Ka yi magana, na yi magana, muryata ta fi taka, daga ƙarshe na kashe maka waya, abin da ban taɓa yi ba tun da nake. Ka yi haƙuri. Ka san ni, in raina ya ɓaci bakina yakan riga hankalina fita. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, ita takarda ba ta kuka kuma ba ta katse mutum. Abin da ka ce shi ne, da an yi hutun ƙarshen zango za ka aiko a ɗauki Allura ta koma wajenka, don hankalinka bai kwanta da ita ba, yarinya shekara takwas amma sai ka ce 'yar shida. Ba ka ce ba na ba ta abinci ba. Kai mai kara ne, ba za ka iya faɗa ba. Amma na ji shi a cikin shirun da ka yi, kuma wallahi ya yi mini ciwo.

Na kuma san inda maganar ta samo asali. Inna Ƙarama ce. Ta zo ta kwana mana biyu, ta ci abincina ta yi santi, ta sa mini albarka, sannan ta jera yaran a jikin bango ta ɗauke su hoto ta tura maka. Ni ko tambayata ba ta yi ba. Ban ce da mugun nufi ta yi ba, tana son yarinyar, kuma ka san Inna, ba ta iya ganin abu ta bar shi ya kwana a cikinta. Gaskiya kuma ni kaina da na kalli hoton sai da gabana ya faɗi. Ga Lukuta ta cika riga tam, kumatu kamar za su fashe, ga Allura a gefenta iyakar kafaɗarta, hannaye siri-siri. Da ni ce a nesa aka turo mini hoton nan, ni ma ba zan yi barci ba. Saboda haka ban ga laifinka ba, Yaya.

Ba gori zan yi maka ba, Allah ya tsare ni, amma ka tuna ranar da ka miƙo mini ita bayan mun rasa mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Tana cikin zani, ko zama ba ta fara ba. Lokacin ina shayar da Lukuta, tsakaninsu 'yan makonni ne. Tun daga ranar nono ɗaya suka sha, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma Allura nake fara sakawa don ita ba ta da haƙurin jira. Tare na yaye su. Tukunya ɗaya suke ci har yau, sai dai na raba musu kwano, don Lukuta in ta sa hannu kafin ka ƙifta ido ta share. Ƙwai in ɗaya ne a gidan, Allura ce ke ci, har Lukuta takan yi mini ƙorafi wai ita ce 'yar riƙo. Duk da haka ga abin da ka gani a hoto. Na daɗe ina tambayar kaina dalili, kuma inda na fara samun amsa zai ba ka dariya. Ka yi haƙuri ka biyo ni bayan gida, wajen zomayen Kafinta.

Ka san shekarun nan ya ɗauki kiwon zomaye da gaske. Shi ya ƙera kejinsu da hannunsa, layi biyu a jikin katangar bayan gida, ɗaya dama ɗaya hagu, da rufin kwano da 'yar hanya a tsakiya. Masu gidajen abinci ne ke saye, su kuwa nauyi suke dubawa, ba kyan kunne ba. Cikin matan akwai biyu da suka fi haihuwa. Ɗaya fara ce sol, muna ce mata Fara, ɗaya kuma launin toka, sunanta ke nan Toka. Dusa ɗaya, ganye ɗaya, ruwa ɗaya, mai ba su ɗaya. Amma 'ya'yan Fara in suka yi wata uku sai ka ɗauka da hannu biyu, na Toka kuwa da hannu ɗaya za ka ɗaga kana hira. Haihuwa ta farko aka ce ƙuruciya ce. Ta biyu aka ce zafi ne. Da ta uku ta zo haka, sai Kafinta ya yanke hukunci cewa Toka ba ta da nono, ba uwar kirki ba ce. Ya ƙara mata dusa, ya sayo mata maganin ƙarin kuzari, ya riƙa yankar mata ganyen dankali mai laushi. Ita ta yi ƙiba abinta, 'ya'yan suna nan jiya i yau. Kullum in ya wuce gaban kejinta sai ya yi tsaki ya ce mai ci ba ta biya. Daga ƙarshe ya ce ya gaji, za ta shiga tukunya.

Abin da ya cece ta shi ne likitan dabbobi da ya zo duba wani zomo mai ciwon kunne. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya gaggawa. Kafinta ya nuna masa Toka yana ba shi labarin halinta. Likitan ya ɗaga ta, ya shafa cikinta, ya leƙa akwatin 'ya'yanta ya ɗauko biyu ya juya su. Ya ce shi dai abin da yake gani cikin jariran nan a cike yake, fatarsu ba ta yamutse ba, ɗan zomon da bai ƙoshi ba ba ya ɓoyuwa. Sai ya tambaya wane ne ubansu. Yaya, ka ga Kafinta ya yi tsuru-tsuru. Maza biyu ne da mu. Akwai wani ƙato da Kafinta ya sayo daga wata babbar gona, muna kiransa Basamude, akwai kuma wani ɗan dunƙule mai gajeren kunne da maƙwabci ya ba mu tun farkon kiwo, shi ne Guntu. Basamude yana layin dama kusa da Fara, Guntu yana layin hagu kusa da Toka. In lokacin haɗa su ya yi, Kafinta sai ya buɗe ƙofar macen ya saka ta a kejin namijin da ke maƙwabtaka da ita, don kada ya sha wahalar zagayawa da zomanya tana shure-shure tana yagar masa hannu. Tun farko haka yake yi, bai taɓa kawo komai a ransa ba. Ashe duk 'ya'yan Fara na Basamude ne, duk na Toka na Guntu ne. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce masa ashe ƙiwarsa ce ta ɗaura auren.

Kafinta dai ka san shi da taurin kai, ya ce shi bai yarda ba, namiji me ya haɗa shi da girman ɗa, ai nono ne ke gina jiki. Likitan bai yi musu da shi ba. Ya ce a gwada. A haɗa su rana ɗaya don su haihu kusan tare, kowace da mijinta na da, in sun haihu a raba 'ya'yan, rabin na Toka a kai wa Fara, rabin na Fara a kai wa Toka. Ni na ce ina, wace uwa ce za ta karɓi ɗan wata? Ya ce zomanya takan karɓa in an yi da wuri kuma an yi da dabara, ya nuna mana yadda ake yi. Ka san in za ta haihu takan tsige gashin ƙirjinta ta yi wa 'ya'yan shimfiɗa. To sai ka fitar da uwar tukuna, ka murza hannunka da shimfiɗar nan, ka ɗauko baƙin jariran ka shafe su da gashinta, ka cusa su tsakiyar nata su cakuɗa su ɗauki ƙanshin gida, sannan ka mayar da ita. Ni na yi aikin, don hannun Kafinta ya yi kaushi da yawa. Wasu 'yan mitsi-mitsi ne, ba gashi, ido a rufe, ɗumi kamar ƙwai da aka ɗauko ƙarƙashin kaza. Da muka mayar da Toka, ta shiga akwatin ta sunsuna, ta tsaya jim. Sai kawai ta gyara tsayuwa a kansu suka kama sha, nata da na Fara, ba ta ware ko ɗaya ba. Na tsaya a wajen na daɗe, Kafinta yana tambayata me ya shiga idona.

Da gashi ya fito musu ba a bukatar wata alama, farare na Fara ne, masu toka-toka na Toka ne, ko a wane akwati suke. Muka zuba ido. Fararen da Toka ta shayar suka taso ɓul-ɓul, ba ka bambanta su da 'yan'uwansu da suka zauna wajen uwarsu. Masu toka da aka kai wa Fara kuwa, an ce ga mai nono, suka sha suka ƙoshi, da farko har suka ɗan yi kumari, Kafinta ya fara murmushin cin nasara. Amma da aka yaye su kowa ya koma kan dusa da ganye, sai kowa ya kama hanyar gidan ubansa. Fararen suka yi ta miƙewa, masu tokan suka tsaya a 'yan dunƙulensu, lafiyarsu lau, gashi yana sheƙi, sun fi kowa tsalle-tsalle, amma ƙanana. Rannan Kafinta ya auna su, ya ga abin da ya gani. Ya je ya yanko ganye mafi kyau ya tura wa Toka, ya tsaya yana shafa mata kunne. Wannan shi ne ban-haƙurinsa, ni ma iyakar abin da nake samu ke nan in ya yi mini laifi.

Bayan nan aka kai Toka wajen Basamude, Kafinta ya zagaya da ita duk da shure-shuren. Na ɗauka duk za su fito ƙatta, ashe ba haka abin yake ba. Ciki ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, amma wasu suka biyo uban, wasu suka tsaya tsaka-tsaki, ɗaya kuwa ya fito ɗan ƙarami har ya girma. Na tambayi likitan da ya dawo. Ya ce kowane ɗa yana ɗaukar rabin gadon halittarsa daga uwa, rabi daga uba, amma ba rabi iri ɗaya kowa ke ɗauka ba, shi ya sa 'yan ciki ɗaya suke bambanta. Ya ce girman jiki da saurin yin nauyi ba abu guda ne ke riƙe da su ba, abubuwa ne ƙanana masu yawa da ake gada, wani ya tara da yawa, wani ya samu kaɗan. Abinci da kulawa su ne ke fito da abin da ke cikin jini, amma ba sa ƙara abin da babu. Ya kuma ja mana kunne cewa kishiyar haka tana faruwa, ɗan Basamude ma in ya sha yunwa ko tsutsar ciki ta kama shi zai tsumbure, don haka kada mu ga ƙaramin zomo mu ce gado ne ba mu duba lafiyarsa ba. Yanzu Kafinta manyan 'ya'ya masu saurin girma yake ware wa kiwo, kuma ya daina haɗa aure don kusancin ƙofa. Guntu ya yi ritaya, yana nan yana cin dusa a banza, an kasa rabuwa da shi.

Yaya, na san Allura ba zomanya ba ce, kada ka ce ƙanwarka ta zauce. Amma ranar da ka yi maganar nan, da na ajiye waya abin da ya faɗo mini shi ne yau ni ce Toka. Ka dubi uban Lukuta, mutumin da sai ya sunkuya yake shiga ɗakinsa. Ka dube ni, ni ma ba baya ba. Sannan ka tuna marigayiya. Ka manta takalminta sai a wajen na yara ake samo mata? Ka manta ranar da mai shago ya ce mata ta je ta kira babarta, alhali tana da cikin Allura? Ta dawo tana dariya har da hawaye tana ba mu labari. Mahaifiyarta ma haka take, 'yar firit, ga ta nan har yau tana aikin da ya gagari manya. Kai kanka, in za a faɗi gaskiya, ba wani dogo ba ne, hula ce take taimakonka. Allura uwarta ce sak, kamar an tsaga kara, har yadda take karkata kai in za ta yi musu. Ni in na dube ta ba rama nake gani ba, ƙawata nake gani da na rasa, kuma ina jin daɗin ganin.

Duk da haka maganar likitan dabbobi ta tsaya mini a rai, cewa kada a ce gado ne ba a duba ba. Ga kuma wani abu da ya tayar mini da hankali. Ashe ranar da muke waya Allura tana bayan ƙofa, ta ji komai. Sai na ga yarinyar da nake lallashi kafin ta gama kwanonta ta fara neman ƙari. Ta ci, ta ƙara, tana haɗiya da ƙyar, ido yana kawo ruwa. Da farko har na ji daɗi. Rannan da rana sai na same ta a bayan ɗakin girki tana amai, ta ce kada in damu, za ta koma ta ci wani. Na ce gobe sai asibiti, a auna ta a duba jininta, in akwai ciwo a yi magani, in babu kowa ya huta. Na gaya mata da yamma don ta shirya, ta tambaye ni ko abin da likita ya samu za a gaya wa Babanta. Na ce ƙwarai kuwa.

Da safe ta shirya da kanta, ta dage sai rigar makarantarta mai manyan aljihu za ta saka, ta ɗora rigar sanyi a kai alhali ana zafi. Na yi faɗa, ta ƙi cirewa, na ƙyale ta don kada mu makara. A hanya na ga tafiyarta ta sauya, tana jan ƙafa tana riƙe gefen riga, na ɗauka tsoron allura ne, har ina tsokanarta wai Allura tana tsoron 'yar'uwarta. Muka zauna a benci muka jira layi. Da aka kira mu, ma'aikaciyar jinya, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce ta cire takalmi ta hau sikeli. Tana ɗaga ƙafa sai muka ji ƙarar ƙarfe. Matar ta dube ta ta saman tabarau, ta dube ni, ta ce a hankali 'yata me ke cikin aljihun. Yarinyar nan ta ƙame. Na sa hannu. Yaya, ƙusoshi ne, manya-manya na Kafinta, cike da aljihu biyu. Da kwaɗon ƙofa guda biyu, da kan guduma da ya cire daga ƙota, ta ɗaure shi da tsumma a ƙugunta ƙarƙashin rigar sanyi. Tsinin ƙusoshin ya huda aljihun, duk ya karce mata cinya, tun daga gida take tafe da su ba ta ce wayyo ba.

Ban iya yi mata faɗa ba. Na durƙusa ina ciro su ɗaya-ɗaya ina zubawa a jakata. Dattijuwar ce ta tambaye ta dalili, tana wanke mata ciwon. Sai ta ce so take likita ya ce tana da nauyi, don kada Babanta ya ce Mama ba ta ba ta abinci, Mama tana ba ta, ita ce ba ta iya girma ba. Ta ce ta yi ƙoƙari ta ci da yawa amma ya ƙi zama. Sannan ta juyo ta tambaye ni, wai in ta kai Lukuta, Baba zai ji daɗinta? A gaban mutane na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Dattijuwar ma sai da ta cire tabarau.

An auna ta ba ƙusa. An auna tsayinta, an ɗebi jini, an duba ciki da ƙirji da ido. Likitar da ta duba ta ta tambayi girman uwarta da na ubanta, na faɗa mata gaskiya har da maganar hula. Da sakamako ya fito ta ce jininta lafiya, ba tsutsa, ba alamar yunwa, ƙarama ce dai, kuma tana girma daidai gwargwadon jikinta. Ta ce a riƙa kawo ta lokaci-lokaci ana dubawa, a kuma daina tilasta mata ci. Ta yi mata allurar kariya saboda karcewar ƙarfe, ta ce mata ita ma ita ce mafi ƙanƙanta a ajinsu har ta gama makaranta. Takardar asibitin tana cikin ambulan ɗin nan, ka ba wanda ka yarda da shi ya duba maka. A hanyar dawowa ta yi barci a cinyata cikin mota, jakata kuwa ta yi nauyi har ta yanke mini kafaɗa.

To Yaya, ga abin da nake roƙo. Allura 'yarka ce, ban haife ta ba, kuma ban taɓa mantawa ba ko da rana ɗaya. In kewarta ce ta dame ka, kana son ka tashi da safe ka ga 'yarka, ta san ƙaninta, ta saba da Amarya wadda ban taɓa jin wani abu game da ita ba sai alheri, to ka faɗa mini haka. Ni da kaina zan yi mata kitso, in haɗa mata kaya, in rako ta har ƙofarka. Zan yi kuka, Lukuta za ta yi, Kafinta zai shige wajen zomayensa ya ƙi fitowa, amma ba za mu hana ka ba. Abin da ba zan iya ba shi ne a ɗauke ta a kan ta yi ƙanƙanta. In aka yi haka za ta tafi da shi a ranta cewa ta faɗi wata jarrabawa, ta jawo mini zargi, ta kuma kasa gamsar da ubanta. Yarinyar da ta ɗaura guduma a ƙugu tana shekara takwas, ban san me za ta ɗaura ba in ta kai sha biyar. Ina sonta, Yaya, son da ban san yadda zan rubuta shi ba, kuma na san kai ma tsoro ne da ƙauna suka sa ka faɗi abin da ka faɗa. Mu biyun abu ɗaya muke so.

Ka gaishe mini da Amarya da kyau, ka ce na gode da kayan sanyin da ta aiko wa yaran, Allah ya raya mata jaririnta ya sa mai albarka ne. Ka shafa mini kansa. Ka gai da Kawu in kun haɗu, da abokin aikinka Dogo da ya kawo mana saƙo bara. Baffa yana gaishe ka, ya ce ka rage tsayuwa. Kafinta yana gaisuwa, ya ce in gaya maka ya sa wa akwatin kayan aikinsa kwaɗo. Lukuta tana gaida Kawunta. Inna Ƙarama ma na je na gaishe ta na ba ta labari, ta yi ta salati tana share hawaye, ta ce ita za ta kira ka da kanta.

Allura ba ta san na rubuto ba. Tun ranar asibiti, duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai ta bar abin da take yi ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ka kira ta ranar hutunka, ka ce ita kake nema ba ni ba. Ka tambaye ta lissafi, ka tambaye ta ƙawayenta, ka gaya mata da wa take kama. Amma don Allah, Yaya, ko sau ɗaya kada ka tambaye ta ko ta ci abinci.

Allah ya tsare mana kai, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarka,
Maman Allura da Lukuta